Yadda muka kai bindigar kakanmu gidan tarihi

Bayan addu'ar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe ɗakin ƙurya na tsohon gidanmu domin a lissafa kayan gado. A bayan wani adudu da gara ta cinye gindinsa muka tarar da abu dogo naɗe cikin buzu da tsumman bargo, an ɗaure da igiyar rama. Da muka warware sai ga bindigar toka, irin wadda wasu ke ce wa adaka, tsayinta ya kusa kai kafaɗata. Tun muna yara muke jin labarinta, amma babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya ce kakansu ne ya zo da ita daga Gwanja lokacin da yake fataucin goro. Gwaggo kuwa ta rantse cewa maƙerin garinmu ne ya ƙera ta tun daga tama, kuma ita ta san jikokinsa. Aka yi ta musu har la'asar, daga ƙarshe aka ce tunda ni ne malamin makaranta, ni zan nemo yadda za a yi da ita. Na ɗauka aikin mako guda ne. Wata biyar ya ci.

Kuskuren farko a daren nan na tafka shi. Na ga tsatsa ta rufe bututun, sai na sayo samfefa da baƙin mai a wurin mai gyaran babur, na zauna a tsakar gida ina gurza, wai in fito da kyanta kafin kowa ya gani. Na goge kamar taƙi ɗaya daga gindin bututun, ƙarfe ya fara haske, ina ta jin daɗi. Sai da na haska tocila na ga wani ɗan tambari da aka buga a jikin ƙarfen, kuma na riga na cinye rabinsa. A lokacin ban san darajarsa ba, amma gabana ya faɗi, na ajiye samfefar. Har kunamar na ɗan taɓa don in ji ko tana motsi. Idan na tuna wannan yanzu sai jikina ya yi sanyi, dalili yana nan tafe.

Ranar Litinin na tafi gidan tarihi na babban birnin jiharmu. Allah ya taimake ni ban ɗauki bindigar ba, hotuna kawai na ɗauka a waya, don ƙanina ya ce in shingen jami'an tsaro ya same ni da ita a but ɗin mota, labarin kaka ba zai fisshe ni ba. Na isa ƙarfe tara, aka ce jami'ar da ke kula da kayan ajiya tana taro, na zauna a benci har azahar. Da ta fito ta karɓe ni da mutunci, ta duba hotunan, ta tsaya a kan wanda ya nuna wurin da na goge, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Malam, wa ya yi wannan aikin?" Na ce ni ne, Hajiya. Ta girgiza kai kawai. Sannan ta ce ba za su karɓi makami daga hannun kowa ba sai da takarda huɗu: wasiƙar mai unguwa ko dagaci da ke shaida gidan da aka samo shi, yarjejeniyar magada da sa hannunsu, takardar rantsuwa daga kotu, da rahoton 'yan sanda da ke nuna sun gan shi kuma babu komai a cikinsa. Ta ƙara da cewa dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku, kuma irin waɗanda ake ɗurawa ta baki suna cikin kashi na uku, wanda lamarinsa ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Tsufan bindiga bai fitar da ita daga sunan bindiga a wurin hukuma.

Wasiƙar mai unguwa ba ta ba ni wahala ba. Na same shi bayan sallar isha'i, na ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da ni, ya ce shi ma yana yaro ya ji ana harba ta ranar hawan sallah. Washegari ya zo da kansa ya gani, ya rubuta, ya buga hatimi. Yarjejeniyar magada ce ta ja mako uku. Mu goma sha ɗaya ne, biyu suna Legas, ɗaya tana aure a Maraɗi. Ana cikin haka wani dillalin kayan da ya ji labari, ya zo ya yi wa Baffa tayin kuɗi mai tsoka, ya ce akwai masu saye a waje. Baffa ya kira ni ya ce, "Kai yaro, a kai wa gwamnati kyauta alhali ga kuɗi a ƙasa?" Sai da na sake komawa wurin Hajiya ta karanto mini dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukumar ba, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba. Ga shi kuma makami ne. Da na faɗa wa Baffa cewa sunansa ne zai fara fitowa idan aka kama kayan a iyaka, sai ya ce a kawo takardar ya dangwala.

A cikin makonnin nan ne Gwaggo ta aika aka kira wani tsohon maƙeri, jikan maƙerin da take ta ambato, don ta kafa hujjarta. Dattijo ne da ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi yana, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Ya zauna a tabarma, muka ajiye masa ita. Bai taɓa kunama ba, bai leƙa bakin ba. Ya juya bakin zuwa katanga, ya ce a ba shi karan dawa mai tsawo. Ya zura karan a hankali har ya tsaya, ya sa farce ya yi alama daidai baki, ya zaro, ya shimfiɗa shi a bayan bututun. Karan bai kai ɗan ramin da wuta ke shiga ba, saura kamar yatsa huɗu. Ya ce, "Ɗana, a ɗure take." Na ce Baba, abin da ya shekara hamsin ko fi a ajiye? Ya ce albarushi ba ya tsufa in dai bai sha ruwa ba, kuma mutanen da ba sa rataye bindiga fanko, don ɓarawo ko kura ba sa jiran ka ɗura. Na tuna daren da na ɗora ta a cinya ina gurza, bakinta yana kallon ƙofar ɗakin da 'ya'yana ke kwance. Ban iya cin tuwon dare ba ranar.

Na roƙe shi ya cire ɗurin, ya ƙi. Ya ce shi ya bar taɓa bindiga shekaru da yawa, tun da hukuma ta tsananta, yanzu garma da lauje da fartanya kawai yake yi, kuma ko gyara ne sai mai izini. Amma ya yarda ya karanta mana ita, kalmar da ya yi amfani da ita ke nan. Ya bi bututun da yatsa ya ce wannan ba aikin garin nan ba ne, na Turawa ne, don babu maƙerar da ya sani da ke da abin rarake ciki ya miƙe haka tun daga gindi har baki. Gwaggo ta ɓata rai. Sai ya juya ƙotar ya ce amma wannan tamu ce, ga sawun gizago nan a ƙarƙashi inda masassaƙi bai bi da wuƙa ba, kuma itacen maɗaci ne. Inda ƙotar ta tsage a wuya an zura mata fatar wutsiyar sa tana ɗanya, ta bushe ta kama kamar ƙarfe, babu ɗinki ko ɗaya. Zobban da ke riƙe bututu da itace guda biyar ne: biyu na tagulla, waɗanda ya ce daga tsohuwar tasa aka yanko su, uku kuma na gwangwanin kananzir. Ƙarfen da dutsen ƙanƙara ke bugawa ya ba da wuta ya cinye, an yi masa faci da guntun tsohon magagari, har ana iya ganin ragowar haƙoransa a gefe. Ya ce wannan facin hannun mahaifinsa ne ko na kakansa, don haka suke yi a gidansu. A nan Gwaggo ta washe.

Washegari na bi shi maƙerarsa, don abin ya shiga raina. Rumfa ce ta kara, ƙasa duk baƙi. Ya nuna mini kayan da ya gada: uwar maƙera da aka kafa a cikin gungume, zugazugi na fatar akuya guda biyu masu haɗuwa a bakin yumɓu, masaba babba da ƙarama, awartaki iri uku, magagari, kurfi, da kaskon ruwa na kashe ƙarfe. Gawayin ƙirya yake amfani da shi, ya ce sauran itatuwa tokarsu ta fi wutarsu yawa. Da waɗannan kaɗai iyayensa suka riƙa gyara bindigogin maharba da na 'yan bindigar sarki. Ya ce abin da ya fi ba su wuya shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan mai tsalle da ke tura kunama, don in ya yi taushi ba ya bugawa, in ya yi tauri ya karye, kuma ido ne kawai ma'auni, launin ƙarfe a wuta ake kallo, shi ya sa ake yin aikin da asuba ko bayan magariba. Kusoshi masu zare ma da magagari ake fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace da raminta, ba ta shiga na wata. Ya ɗauko wani dunƙulen baƙin abu mai ramuka kamar gidan tururuwa daga cikin tukunya, ya ce ragowar ƙarfen tama ne na kakansa. A da sai an haƙo tama, a gina murhun yumɓu, a kwana ana zuga, a fasa a fito da dunƙule, a yi ta duka ana ninkewa har dattin ya fita. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen reluwe, daga baya na mota, suka cika kasuwa, narkar da tama ta mutu a hankali.

Kotu ta ɗauke ni yini ɗaya. Na je da katin shaidar ɗan ƙasa da hoton fasfo biyu, mai buga takardu a bakin ƙofa ya rubuta bayanin, na rantse a gaban jami'i, na biya aka ba ni rasit. Wani ya tare ni a harabar ya ce zai taimaka a yi sauri in na ba shi na goro, na ƙi, kuma ban ga wani jinkirin da ya wuce na layi ba. Ofishin 'yan sanda ne na fi jin tsoro. Na tafi da mai unguwa, wannan kuma ita ce dabara mafi amfani da na yi a duk tafiyar. Da na ce bindiga, ɗan sandan da ke kan kanta ya miƙe tsaye, amma da ya ga rawani da takardu sai ya kai mu wurin babbansu. Na rubuta bayani shafi biyu. Ya tambaye ni ko ina son in riƙe ta ne, ya ce in haka ne in sani tun watan Agustan 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Na ce Yallaɓai, so nake ta bar gidana. Aka ce in dawo Alhamis. Na dawo, mai kula da ma'ajiyar makamai ya yi tafiya. Na sake dawowa, babu mota. A zuwa na huɗu na ɗauki shatar mota da kuɗina, jami'ai biyu suka bi ni gida, suka ɗauke ta, suka ba ni takardar karɓa. Kwana goma sha biyu ta yi a wurinsu. Da aka kira ni, jami'in ya nuna mini abin da ya fitar a cikin leda: baƙin gari da ya dunƙule, tsumma, da guntayen ƙarfe uku, ɗaya kamar ƙafar tukunyar ƙarfe. Babu darma ko ɗaya.

Su ne suka raka ni da ita gidan tarihi, aka sa hannu aka miƙa. Bayan mako biyu Hajiya ta kira ni, ta haɗa ni da wani jami'insu mai gyaran kayan ƙarfe. Ya sa madubin ƙara girma a kan wurin da na goge. Abin da ya rage shi ne rabin kambi da sanduna biyu a gicciye, da harafi ɗaya a ƙasa. Ya ce tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne a Ingila, wanda aka kafa a 1813, kuma an yi amfani da irin wannan tambari har 1904. A can ana ɗura wa kowane bututu fiye da ƙa'ida a harba, wanda bai fashe ba a buga masa alama. Akwai wasu alamomi a gefe da ƙila za su nuna wanda ya ƙera, su ne samfefata ta tafi da su. Ya faɗi haka ba tare da ya dube ni ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Shi ya ba ni labarin yadda ake yin bututun a wancan zamani, na ga ashe maƙeran Ingila ma da wuta da guduma suka fara. Ana buga ƙarfe ya zama dogon falle, a gasa shi, a naɗe shi a jikin sandar ƙarfe, a yi ta dukan gaɓar tana ja har ta haɗe, kaɗan-kaɗan har a kai ƙarshe. Sannan a rarake ciki da dogon ƙarfe mai kusurwa huɗu wanda ruwa ko tururi ke juyawa, a wasa bayan a jikin katon dutse. Bututu masu tsada har da tsofaffin kusoshin takalmin doki ake haɗa ƙarfensu. Mutum ɗaya ba ya gama bindiga: mai bututu daban, mai kunama daban, galibi a ƙananan garuruwan da ke kewaye da Birmingham, mai sassaƙa ƙota daban, mai zuba tagulla daban. Na masu kuɗi ana yi musu ƙota da itacen gyaɗar Turawa mai tauri, na cinikin Afirka kuwa da itace mai araha, shi ya sa ba sa daɗewa a hannun gara da zafinmu, sai masassaƙin gida ya sake wata. Dutsen ƙanƙara ma sana'a ce guda, wani gari a Ingila da ake kira Brandon ya shahara da fasa shi, kuma sun ci gaba da aiko shi Afirka har cikin ƙarni na 20. Dalili kuwa, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi a birnin Brussels a 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, ta bar musu irin wannan ta ƙyastu.

Na tambaye shi ko ke nan mu gyara kawai muka iya. Ya ce a'a. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana zuba igwa ana haɗa albarushi a cikin Zinder. Gawayi da gishirin da ake tacewa daga ƙasa ana samunsu a gida, farar wuta ce ake jira daga fatake. Game da maganar Baffa kuma, ya ce tana iya yiwuwa, domin sarakunan Asante sun daɗe suna hana bindiga wucewa arewa zuwa kasuwannin goro irin su Salaga ta ƙasar Gwanja, amma bayan Ingilishi sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874 hanin ya yi rauni. Ya dai ce ba zai rubuta Gwanja a katin bayanin bindigar ba sai a matsayin abin da iyali suka faɗa.

Sauran aikin na takarda ne. An ba mu zaɓi tsakanin kyauta da aro na wasu shekaru. Kyauta ba a dawo da ita, aro kuwa ana sabuntawa kuma magada na iya nema. Muka zaɓi aro saboda Baffa. Kwamitinsu bai zauna ba sai bayan mako bakwai, ina ta kira har na fara jin kunya. Gidan tarihin bai karɓi ko kwabo ba. Abin da na kashe duka, kuɗin mota zuwa birni sau shida, shata, kotu, buga takardu, hotuna, da ɗan alherin da na yi wa Baba maƙeri, ya tasam ma naira dubu sittin, kuma fiye da rabi a mota ya tafi.

Wanda ya tsinci irin wannan a gidansu, ya ɗauka a ɗure take har sai wanda ya sani ya ce babu komai. Kada ya taɓa kunama, kada ya leƙa baki, ya juya ta ga bango ya kulle ɗakin. Kada ya goge komai, ko da tsumma mai mai ne, don tsatsar da fatar da gwangwanin su ne shaidar. Ya ɗauki hoto ta kowane gefe, musamman gindin bututu. Ya fara da mai unguwa, sannan magada, sannan kotu, sannan 'yan sanda, gidan tarihi a ƙarshe, amma ya leƙa su tun farko da hotuna don ya ji abin da suke buƙata. Kada ya ɗauke ta a mota da kansa, kuma duk inda ta sauya hannu ya karɓi takarda ya yi mata kwafi. Idan akwai tsohon maƙeri a garin, a kira shi tun kafin ta bar gida, a naɗi muryarsa a waya. Ni ban yi ba, sai abin da na rubuta a bayan littafin darasi.

Ranar da aka sa ta a akwatin gilashi na ɗauki Baffa da Gwaggo muka je. An rubuta lamba da farin fenti ƙanana a ƙarƙashin ƙotar. Katin ya ce bututu da kunama daga Birmingham, tsakanin 1813 da 1904, ƙota da zobba da gyare-gyare aikin maƙera da masassaƙan ƙasar Hausa. Na karanta musu da Hausa. Baffa ya ce to ai ga shi, daga waje ta zo. Gwaggo ta ce a sake karanta layi na biyu. Baba maƙeri bai samu zuwa ba, ƙafa ta hana shi, sai na kai masa hoton a waya. Ya kawo ta dab da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce sun kwantar da ita ta gefen da facin magagarin ba ya fitowa, in na koma in ce su juya ta.